Riƙon Ganga Ranar Juma'a

Duk wa'azin da na ji a kan jaraba lokacin ina da sauran ƙarfi, abu uku ake nuna mana da yatsa: giya, matan banza, caca. Ni kuwa sai in ƙara gyara zama a kan benci, ina leƙen fuskokin mutane in ga wanda maganar ta soka. Burkutu ko warinta ba na so. Karta ban taɓa riƙe ta ba. Mata kuwa, da wane jikin? Mutumin da ya wuni a kamfanin jimar fata, ko matarsa ta aure sai ta ɗan kau da kai kafin ta ce masa sannu da zuwa. Saboda haka na ɗauka ni dai Shaiɗan ya duba ya ga babu riba, ya wuce. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ashe tawa jarabar tana nan tafe, kuma da ta zo ba ta ce in yi komai ba, cewa ta yi in zauna.

Ni Bahaushe ne daga wani ƙauye a kudancin Kano. Kakanninmu Maguzawa ne, babanmu ne ya fara shiga coci, mu muka tashi a ciki. Wajen ƙarshen shekarun saba'in gona ta gaza ciyar da mu, na ɗauko matata da ɗanmu na fari muka kama ɗaki ɗaya a Panshekara, na sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Ya daɗe da rufewa, yanzu ko rufin ba shi da shi.

A ɓangaren ruwa aka sa ni, inda ganguna suke. Ganga a wurinmu ba ta kiɗa ba ce. Ƙatuwar aba ce ta katako, ta fi tsayin mutum, inji ke juya ta, a loda fatu a ciki da ruwa da magani. Bayan an cire gashi an wanke, akwai wani garin magani da ake zubawa a ruwan ɗumi don fata ta yi laushi. Wannan maganin ba a wasa da shi, don cin fatar yake a hankali. In lokaci ya cika sai ka tsayar da ganga, ka ciro fata ɗaya ka danna da babban yatsa. In sawun yatsan ya zauna, ta yi, maza ka zubar da ruwan ka sako mai sanyi. In ka yi sakaci ya zarce, fuskar fatar sai ta saki, ta koma tsumma, ko kyauta ba mai karɓa. Kowace ganga da allonta a rataye, ana rubuta sunan mai ita da alli, da lokacin da za a tsayar.

Ganga biyu ke ɓangarenmu, mu ma mu biyu ne. Abokin aikina wani mutumin Damagaram ne, dogo, siriri, ya girme ni da 'yan shekaru, ya kuma riga ni shiga kamfanin. Iyalinsa suna can Nijar, sai da damina yake leƙa su. Malam nake ce masa. Shi kuwa tun ranar da ya ji ni Kirista ne ya laƙaba mini Fasto, alhali ko waƙa ban iya ja a coci ba. Ni mutum ne mai zafin kai, har yanzu da tsufana ban warke ba. In na fara surfa wa wani masifa, sai ya ɓantari goro ya miƙo mini rabi ya ce, “Haba Fasto, a cocin naku ba a yin wa'azin haƙuri ne, ko ranar kana barci?” Dole in yi dariya ko ban so ba.

Fata ba ta san Juma'a ba, ba ta san Lahadi ba. In an jiƙa ta dole a bi ta har ta fita. A baki kamfani bai hana kowa zuwa masallaci ba, amma ya ce ba a barin ganga babu mai ita. Ranar Lahadi kuma ba a zuba sabuwar fata, ganga ɗaya ce ke juyawa da safe a ƙarasa abin da Asabar ta bari, kuma tunda ni ne na zo daga baya, ni aka rubuta wa ranar. To sai muka yi abin da ake kira riƙo. Ranar Juma'a in riƙe masa gangarsa ya je ya yi salla ya dawo, ranar Lahadi ya shigo ya riƙe mini tawa, ni da iyalina mu hau bas zuwa wata 'yar cocin masu jin Hausa a Sabon Gari. Ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A masaƙun Bompai da Sharada ma haka ake yi duk inda Musulmi da Kirista suka haɗa inji. Manaja bai san da zancen ba. Foman, mai kula da mu, ya sani ya yi kamar bai sani ba, amma tun farko ya ja mana kunne: in kaya ya lalace, sunan da ke kan allo shi zai amsa.

Shekara biyar muna haka. Ko fata ɗaya ba ta taɓa lalacewa a hannunsa ko a nawa ba.

Sai zamani ya juya, aka shiga tsuke bakin aljihu. Maganin da ake kawowa daga waje ya fara yankewa, kamfanoni suka fara sallamar mutane. Kullum da safe za ka tarar da taro a bakin get, magidanta da furfurarsu, suna tsaye cikin rana ko za a ce ana neman lebura ɗaya. Muna ratsa su mu shiga, ba ma iya haɗa ido da su. Wata Asabar foman ya kira mu biyu bayan ganguna ya ce, “Daga sama aka ce mutum ɗaya ya isa ganga biyu. Ƙarshen watan nan ɗayanku zai tafi. Ba a yanke ko wane ne ba, ana kallon aikinku.”

Ana kallon aikinmu! Me za a kalla? Shi ya riga ni zuwa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ni sau biyu ina zagin foman a gaban mutane, sau ɗaya har na yi jifa da bokiti. Ko yaro ya san wanda za a zaɓa. Lokacin yaranmu uku, matata na ɗauke da tsohon ciki na huɗu, a ƙauye kuwa su ma ido suka zuba mini. Da na gaya mata, sai ta ce, “Maigida, mu kai wa Ubangiji. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.” Na daka mata tsawa na ce ta dafa mana karin maganar mu ci. Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Malam ma bai taimake ni ba. Ko a jikinsa. Da na tayar da zancen sai ya ce, “Fasto, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wanda aka rubuta wa zama zai zauna.” Wannan natsuwar tasa ta ƙona mini rai fiye da zagi. Na ce a raina, ai dole ka natsu, kai da ka san kai za a bari.

Ba ranar Juma'a abin ya fara ba, kuma nan ne nake so duk mai karanta wannan ya tsaya. Ranar Litinin ya fara. Ina wanke ƙasa, na ɗaga kai na ga allonsa, sai wani tunani ya gifta: ina ma a ce sau ɗaya tak kaya ya lalace a gangar nan. Na yi tsaki na ce Allah ya kiyaye. Amma ban kore shi ba. Talata ya dawo, na tsaya na kalle shi. Laraba har na fara lissafa minti nawa maganin zai ɗauka kafin ya cinye fuskar fata a wannan zafin. Ban gaya wa matata ba, ban gaya wa dattijon cocinmu da ke zaune layi biyu da mu ba, don ina ce wa kaina ai tunani ne kawai, waye ba ya tunani? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa kwana huɗu na yi ina faɗaɗa tsagar da hannuna.

Juma'ar ta zo a tsakiyar bazara, kwanon rufi na ƙara don zafi. Wajen ƙarfe ɗaya saura Malam ya zuba magani, ya tayar da ganga, ya rubuta ɗaya da rabi a allo. Ya je famfo ya dirje jikinsa da sabulun salo, ya ciro farin kaftaninsa da yake ninkewa a cikin takardar siminti, ya shafa ɗan turare don kada ya cuci mutanen sahu da warin jima. Ya tsaya a gabana yana gyara hula.

“Fasto, ɗaya da rabi fa. Fatar jar akuya ce, ta masu tsada, ruwan kuma yau da zafi.”

“Na ji.”

“Zan sa ka a addu'a, kai da mai cikin.”

“Je ka kada ka rasa sahu,” na ce, ban kalle shi ba.

Ya hau kekensa ya tafi. Ɓangaren ya zama babu kowa sai ni da ƙarar ganguna, don foman ma ya tafi masallaci. Na kifa bokiti na zauna ina fuskantar agogon bango. Tsakanina da makunnin gangarsa taku bakwai ne, na sha ƙirga su daga baya.

Ɗaya da rabi ta buga. Ban tashi ba.

Mutane suna zana Shaiɗan da ƙaho da wutsiya. Ƙarya ne. Da muryata ya yi mini magana, da hankali, kamar mai ba ni shawara a kan sayen akuya. Minti biyar ba ya ɓata fata, huta tukuna. Minti biyar ya wuce. Ai shi yana da gona a Damagaram, kai me kake da shi? Iya ruwa fid da kai. Kuma me ka yi? Ka taɓa wani abu ne? Zaune kawai kake, ka gaji, kowa na gajiya. Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne na yi addu'a a kan bokitin nan. I, na yi! Na ce ya Ubangiji, in ba ka so, ka tayar da ni. Idona na kan agogo, ƙafafuna biyu lafiyarsu lau, amma wai ina jiran a tayar da ni. Tir da irin wannan addu'a.

Daga nesa ina jin lasifikar masallaci, liman na huɗuba. Ƙarfe biyu na san fatar ta fara tafiya. A lokacin ma da na tashi da an ceci rabi. Sai muryar ta sauya zance ta ce ai aikin gama ya gama, in ka tsayar yanzu ma laifi ya riga ya auku, gara a yi mai gaba ɗaya. Biyu da rabi gumi ya jiƙe ni sharkaf. Sai da uku ta kusa na tashi na yi taku bakwai ɗin nan na kashe.

Na buɗe ƙofar ganga na tura hannu. Fatar da na ciro santsi take kamar kuka a miya. Na danna yatsa, fuskar ta saɓule ta biyo shi. Nan ne ya kamata in faɗi ƙasa in yi kuka. A maimakon haka sai na juya wurin tawa gangar, na kwance bel ɗin inji na sake ɗaurawa, na shafe hannuwana da baƙin mai har gwiwar hannu. Mai cewa zaune kawai yake, ga shi yana shirya shaida.

Malam ya shigo da ƙamshin turarensa, da 'yan dabino a hannu da ya sayo mini a bakin masallaci. Ya ga ƙofar ganga a buɗe, ya ga fatar a ƙasa. Ya tsuguna da farin kaftaninsa cikin ruwan, ya ɗaga ta, ya yi salati a hankali. Ya ciro ta biyu, ya ciro ta uku. Na fara zuba: bel ɗina ne ya zame, na shiga ƙarƙashi ina fama, ƙarar inji ta hana ni lura, kafin in ɗago lokaci ya tafi. Ya dubi hannuwana baƙi ƙirin. Ya daɗe yana dubawa, har na ce shi ke nan, ya gane.

Sai ya ce, “Sannu. Bel ɗin bai kama maka yatsa ba dai ko?”

Wayyo Allah. Da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi aka kira mu ofishin manaja, ga foman a tsaye a gefe. Manaja ya baza fata ɗaya a kan tebur ya tambayi Malam inda yake lokacin da kaya ke lalacewa. Ya ce, “Yallaɓai, ina masallaci. Sunana ne a allo, laifina ne.” Manaja ya juyo gare ni ya ce kai fa? Na ce, “Ina kan gangata, yallaɓai.” Foman ya zuba mini ido, na zuba nawa a ƙasa. Bai ambaci riƙo ba, don in ya yi shi ma kansa zai shafa. Nan take aka rubuta wa Malam takardar sallama, ba a ma jira ƙarshen wata ba.

Da muka fito ya jawo ni gefe, yana rage murya kamar shi ne mai abin ɓoyewa. Ya ce, “Ka ga ban ambaci riƙo ba. Da na faɗa mu biyu za su kora, su ɗauko wani a bakin get. Gara ɗaya ya tsira, kai kuma kana da mai ciki. Kada ka sa abin a ranka, inji ne, ba ya shawara da kowa.” Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, “Allah ya sa haka ne mafi alheri.”

Da yamma na gaya wa matata aiki ya tsaya. Da tsohon cikinta ta durƙusa a tsakar ɗaki tana yi wa Ubangiji godiya, tana cewa ba na faɗa maka ba? Ta zuba mini tuwo, na kai loma ɗaya na ture kwanon. Na ce mata zafin rana ne.

Lahadi da sassafe na ce su tafi coci ba ni, tunda yanzu babu mai riƙe mini. Na ɗauki keke na nufi Challawa. Tun daga ƙofar ɓangarenmu na ji ganga na juyawa. Malam ne a ciki, da takalmin roba da ƙyallen aiki, ya riga ya zuba magani ya rubuta lokaci a allona. A jikin bango ga kayansa: akwatin kwano ɗaure da igiya, tabarma a naɗe, buta a sama. Mai gadi ya bar shi ya shiga don shekarun da suka yi suna gaisawa.

Na ce, “Malam, me kake yi a nan? Ai an sallame ka.”

“Kamfani ne ya sallame ni, ba kai ba. Ka riƙe mini Juma'a, ba zan tafi da Lahadinka ba. Motarmu sai azahar. Maza ka bi iyalinka.”

“Bar shi, zan yi da kaina.”

“Kai Fasto, yau ma sai mun yi? Tafi ka roƙa mini sa'ar hanya.”

Ya tura ni waje da hannunsa, yana dariya. Ni kuwa na tafi. Matsoraci, na tafi, don tsayuwa a gabansa ta fi ƙarfina.

A coci na zauna kusa da matata kamar gunki. Aka yi waƙa ban buɗe baki ba. Aka zo addu'ar da muke yi tare, wurin da ake roƙon tsari daga jaraba, harshena ya ƙi motsi. Fasto na gaskiya ya hau ya fara wa'azi, kuma a kan me? Giya. Na ji kamar in miƙe in yi ihu in ce ranka ya daɗe, bar mashaya su huta, ga wanda ya fi su nan a benci na uku da wankakkiyar riga. Ban jira a tashi ba. Na raɗa wa matata cewa zan koma wurin aiki, na fita na tari bas. Duk hanya ina shirya maganar: zan gaya masa, Litinin in gaya wa manaja, abin da zai faru ya faru.

Na tarar da ɓangaren tsit. Akwati babu, tabarma babu. Malam ya wanke ƙasa, ya rataye ƙyallen aikinsa a ƙusa, ya jera takalman roba a ƙarƙashi. Mai gadi ya ce Malam ya sami wata babbar mota mai shiga gari ya bi ta don kada ya makara. “Ya ce in gaya maka, in ya taɓa ɓata maka a zaman da kuka yi, ka yafe masa.” Na ɗauki keken da na bari a nan da safe na taka har tashar da motocin Nijar ke lodi, na tarar tasu ta tashi. Nan na gane ko sunan ƙauyensu ban sani ba. Shekara biyar muna raba goro, abin da na sani kawai Damagaram. Na yi ta tambayar fatake da masu dawowa ci-rani shekara da shekaru, ban sami wanda ya san shi ba.

Litinin ta zo ban je wurin manaja ba. Na ce wa kaina tunda ya tafi, faɗar me za ta gyara? Muryar nan ce dai, ba ta mutu ba. Aikin ya zama nawa, ganga biyu, har da Lahadin. Na nemi mai riƙe mini a wasu ɓangarorin, kowa na tsoron taɓa gangar wani bayan abin da ya faru. Shekara huɗu, har kamfanin ya rufe aka watsa mu duka, ban ƙara taka coci da safiyar Lahadi ba. Ranar da aka kai jaririyarmu gaban jama'a aka sa mata albarka, ina Challawa ina kallon agogo. Sai bayan an rufe na iya gaya wa matata gaskiya. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, “Ashe abin da na durƙusa na yi godiya a kai ke nan,” ta tashi ta fita tsakar gida.

Yanzu in matasa suka tambaye ni yadda ake tsere wa jaraba, ba ni da dogon bayani. Ina ce musu ku faɗa wa wani tun ranar Litinin, tun tana ƙarama tana ba ku kunya. In kuma lokaci ya buga, kada ku zauna ku yi muhawara da ita, ta fi ku baki. Ku tashi ku yi takun. Wasu suna ganin amsar ta yi arha, su ba su san nawa na saye ta ba.

Amma ba wannan ne ke hana ni sukuni ba. Ranar Lahadin nan, da na dawo daga tasha, na shiga ɓangarenmu na buɗe gangata in ga abin da ya bar mini. Fatun suna kwance cikin ruwan sanyi. Na ciro ɗaya na danna babban yatsana, sawun ya zauna daram, fuskar lafiya lau. Na ciro wata, na ciro wata, har na kai ƙasan ganga, ina nema ko zan sami guda ɗaya da ya bari ta zarce, ko da minti biyar ne, in ɗan sami abin riƙewa. Babu ko ɗaya.